Yadda ake bin diddigin ɗan siyasa a intanet, abin da ya faɗa da abin da ya kaɗa wa ƙuri'a

Ɗan siyasa sawu biyu yake bari a bayansa, maganar bakinsa da kuma ƙuri'ar da ya kaɗa a zauren majalisa. Maganar baki kowa na jin ta, ita ake yankowa a yi ta turawa a WhatsApp, amma ƙuri'ar nan ba kowa ke waiwayarta ba, alhali kuwa ita ce ke zama doka ta hau kan kowa da kowa. Abin da ke damuna shi ne sai ka ga mutum biyu sun kwashe awa biyu suna musu, wannan ya ce wakilinmu ya goyi bayan abu kaza, wancan ya rantse bai goya ba, kuma wayar da ke hannunsu za ta iya raba gardamar cikin minti goma in da sun san inda za su taɓa. To ga yadda nake yi, daki-daki.

Kafin ka buɗe Google ma, ka buɗe wurin rubutu

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke sa aiki ya watse. Ka buɗe Google Sheets ko Excel, ko ma littafi da biro in shi ya fi maka sauƙi, ka ja tebur mai layuka: kwanan wata, batun da ake magana a kai, me ya ce, a ina ya faɗa, lambar ƙudirin doka, me ya zaɓa, sai linki. Ka rubuta cikakken sunan mutumin yadda yake a takardun majalisa, da sunan da aka fi saninsa da shi, da mazaɓarsa, da shekarun da ya yi a kujerar. Suna na rikita mutane sosai fa, mutum ɗaya jaridu uku za su rubuta sunansa iri uku, wani kuma sunansu ɗaya da wani ɗan majalisar daban, in ba ka haɗa da mazaɓa ba sai ka ɗora wa wani laifin wani.

Sannan ka zaɓi batu ɗaya tak. Haraji ne, kuɗin makaranta ne, dokar zaɓe ce, ciyo bashi ne, ɗaya dai. Wanda ya ce zai binciko duk abin da mutum ya yi a shekara takwas a zama ɗaya, kafin la'asar ya gaji ya ajiye.

Sa Google ya yi maka aiki da gaske

Yawancinmu suna kawai muke bugawa mu danna sacin, sai ya kwaso mana labaran jiya da shekaranjiya, mu ce babu komai. Akwai 'yan alamomi da ke matse shi ya kawo abin da kake so. Bari in ɗauki misali na gaske da ya riga ya shige tarihi don ka gwada da hannunka. A Birtaniya kafin zaɓen 6 ga Mayu 2010, Nick Clegg shugaban jam'iyyar Liberal Democrats da 'yan takararsa sun sa hannu a takardar alkawari cewa duk wani yunƙurin ƙara kuɗin jami'a za su kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa. Ka rubuta haka a Google:

"Nick Clegg" "tuition fees" before:2010-05-06

Alamar zancen nan da aka sa wa suna tana nufin kawo min kalmomin a jere yadda na rubuta, kar ka raba su. Shi kuma before: yana nufin abin da aka wallafa kafin wannan rana, ana fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. Yanzu ka juya shi, ka goge before ka sa after:2010-12-01. Nan za ka ci karo da ranar 9 ga Disamba 2010, ranar da majalisar ta amince a ɗaga kuɗin har zuwa fam 9,000 a shekara da ƙuri'a 323 a kan 302, kuma Clegg wanda a lokacin ya zama mataimakin firaminista a gwamnatin haɗaka yana cikin masu cewa e. A 2012 ya fito a bidiyo ya ba da haƙuri, a zaɓen 2015 jam'iyyarsa ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8. Ka ga sacin biyu kacal, layi biyu a teburinka, alkawari a sama ƙuri'a a ƙasa, ba sai ka ƙara ko kalma ɗaya taka ba.

Sauran alamomin ba su da wuya. site: yana tsare Google a cikin gidan yanar gizo ɗaya, misali ka sa sunan mutum sannan site:congress.gov ko site:nass.gov.ng ko adireshin wata jarida da ka yarda da ita. filetype:pdf yana kawo maka takardu zalla, kuma yawancin takardun majalisu da kundin alkawuran jam'iyyu a PDF suke. In wani abu na ta cika maka fuska, misali akwai ɗan ƙwallo mai irin sunan, ka sa alamar ɗebewa manne da kalmar, kamar -football, zai fitar da shi. OR da manyan baƙaƙe kuma na haɗa rubutun suna biyu a sacin ɗaya.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai a nan. Na ɗaya, kwanan watan da Google ke amfani da shi kintace yake yi wani lokaci, saboda haka ka shiga labarin ka duba ranar da ke jikinsa da idonka. Na biyu, ka yi sacin da harshe biyu, harshen da majalisa ke ajiye takardunta da shi, da kuma harshen da mutumin ke magana da mutanen mazaɓarsa. Sau da yawa abin da ɗan siyasa ya faɗa a hirar rediyo da harshen gida daban yake da wanda ya faɗa a gaban kyamarar babban birni, kuma a tsakanin biyun nan ne za ka gane inda ya dosa.

Je ka gidan takardun asali

Jarida labari take ba ka, majalisa kuma takarda take ajiyewa, to takardar nan ita ce hujja. Kowace ƙasa da yadda ta tsara nata.

A Amurka abin ya fi sauƙi. Congress.gov shi ne rumbun hukuma, ya gaji wani tsohon rumbu mai suna THOMAS da aka buɗe a 1995. Kowane ɗan majalisa, 435 na wakilai da 100 na dattawa, yana da shafinsa da ke nuna ƙudirorin da ya kawo da waɗanda ya sa hannu a matsayin mai mara baya. In ka buɗe ƙudiri ka shiga ɓangaren Actions, za ka ga duk matakin da ya bi, kuma inda aka yi ƙuri'ar kiran suna akwai linkin da zai kai ka jerin sunaye, wane Yea wane Nay. Gwada da ƙuri'ar yaƙin Iraƙi ta Oktoba 2002, dattawa 77 suka amince 23 suka ƙi, za ka ga sunan Joe Biden da Hillary Clinton da John Kerry a layin masu amincewa, a majalisar wakilai kuma Bernie Sanders na cikin 133 da suka ƙi. Shekaru sama da ashirin ke nan amma yana nan ba wanda ya isa ya goge. GovTrack.us da ke aiki tun 2004 bayanan hukuma yake kwasowa ya jera su yadda ido zai ɗauka da sauri har da yawan ƙuri'un da mutum bai halarta ba, C-SPAN kuma, tashar talabijin da ke nuna zaman majalisa, na da rumbun bidiyo da za ka iya sacin kalma a cikin abin da aka faɗa.

A Birtaniya sunan da za ka riƙe shi ne Hansard, wato rubutaccen duk abin da aka faɗa a zaure, yana nan a hansard.parliament.uk kuma tsofaffin kundayen sun koma baya har 1803. TheyWorkForYou na ƙungiyar mySociety ya sauƙaƙa shi, ka buga sunan ɗan majalisa ya kawo maka jawabansa da yadda ya saba zaɓa a kan batutuwa. Kenya na da Mzalendo, Afirka ta Kudu na da PMG da People's Assembly, su ma irin wannan aikin suke yi.

A Najeriya, inda ake da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, takardu uku za ka nema da sunansu. Order Paper shi ne jadawalin abin da za a tattauna a ranar, Votes and Proceedings shi ne taƙaitaccen abin da aka yanke, Hansard kuma cikakkiyar muhawara. Ƙudirorin dattawa da SB suke farawa, na wakilai da HB. Ƙungiyar PLAC na da manhajar bin sawun ƙudirori, wata kafa mai suna OrderPaper ma na fitar da rahotannin wa ya kawo ƙudiri nawa. Ka riƙa haɗa lambar ƙudiri da shekara ko zubin majalisar, majalisa ta 9 ce ta 2019 zuwa 2023 ko ta 10, don a Amurka ma duk bayan shekara biyu lambobi sabo suke farawa, H.R. 1, wato ƙudiri mai lamba ɗaya a majalisar wakilai, na bana ba shi ne na shekara huɗu da suka wuce ba.

In ƙuri'ar murya aka yi fa?

To nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane da yawa ke karaya. A majalisu da dama ba a kiran suna, shugaba zai ce masu goyon baya su ce aye, masu adawa su ce nay, ya saurari wanne ya fi ƙara, ya buga guduma, shi ke nan. Babu takardar da za ta gaya maka wane ne ya buɗe baki wane ne ya yi gum. Haka aka amince da dokar ta-ɓaci ta jihar Ribas a Maris 2025, da murya, a majalisun biyu, shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ta yaya kunne zai auna kashi biyu cikin uku da tsarin mulki ya buƙata. Ni a ganina duk wani babban al'amari ya kamata a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda aka tura wakilci ba shi da hujjar ɓuya a cikin hayaniya.

Amma ko a haka ba ka rasa madafa ba. Ka fara neman ko an taɓa raba majalisa a kan batun, abin da takardu ke kira division. Misali a Yuli 2021 lokacin gyaran dokar zaɓe, Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a raba zaure a kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, aka kira sunaye, 52 suka tsaya a kan sai hukumar sadarwa ta NCC da majalisa sun amince tukuna, 28 suka ce a bar wa INEC ta yanke, 28 ba sa nan. Jaridu sun buga jerin sunayen kaf, sacin ɗaya da after:2021-07-14 zai kawo maka su.

In babu irin wannan, sai ka tattara ƙananan shaidu. Shin sunansa na cikin masu ɗaukar nauyin ƙudirin? Ya miƙe ya yi magana a karatu na biyu, inda ake muhawarar gundarin ƙudiri? Yana cikin kwamitin da aka tura wa? Ya sa hannu a rahoton kwamitin? Ya halarci zaman jin ra'ayin jama'a? Ka nemi bidiyon zaman ranar a YouTube, ka buɗe bayanin da ke ƙasan bidiyon ka danna Show transcript, rubutun maganar zai fito a gefe, a kwamfuta ka danna Ctrl da F ka buga sunan mazaɓarsa, don a zaure kusan kowa da ambaton mazaɓarsa yake fara magana. Zai kai ka daidai mintin, maimakon ka zauna kallon zaman awa huɗu. Rubutun na'ura ne, yana kwaɓa sunaye, saboda haka ka saurara da kunnenka kafin ka rubuta. Kuma a teburinka ka rubuta gaskiya, ƙuri'ar murya ce, ya yi magana yana goyon baya, kar ka rubuta ya zaɓa alhali ba ka gani ba.

Akwai kuma hanyar wasiƙa. Ƙasashe da yawa na da dokar 'yancin samun bayanai, ta Najeriya ta 2011 ce kuma kwana 7 ta ba hukuma ta ba da amsa. Ka rubuta wa akawun majalisa, ka faɗi takamaiman takardar da kake so da ranarta, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

Karanta tambayar da aka yi wa ƙuri'ar

Wannan matakin na fi so ka daɗe a kansa, don nan ne ake zaluntar mutane, kuma nan ne wasu ke samun mafaka. Ƙudiri ɗaya ana iya kaɗa masa ƙuri'a sau goma, a kan gyaran sakin layi, a kan rufe muhawara, a kan mayar da shi kwamiti, sannan ta ƙarshe ta zartarwa. Mutum zai iya cewa e a guda tara ya ce a'a a ta ƙarshe, ko akasin haka, kuma kowane ɓangare zai ɗauko wadda ta yi masa daɗi ya nuna maka. John Kerry a yaƙin neman zaɓen 2004 ya sha wahala a kan haka, da ya yi bayanin cewa ya goyi bayan kuɗin yaƙi dala biliyan 87 kafin ya ƙi su, alhali zubi biyu ne daban na ƙudirin, ɗaya ya tanadi inda za a samo kuɗin ɗaya bai tanada ba.

Ga wani da ya fi ban mamaki. A Afrilu 2013 majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a kan tsaurara binciken masu sayen bindiga, aka tashi 54 da 46, bai kai 60 da ake buƙata ba. In ka duba jerin za ka ga Harry Reid, shugaban masu rinjaye, a layin a'a. Wanda bai sani ba zai ce ya yaudari jam'iyyarsa, alhali yana goyon bayan abin, ya sauya ƙuri'arsa ne a ƙarshe saboda ƙa'idar zauren ta ce wanda ke ɓangaren da ya yi galaba, wato masu a'a a nan, shi ne kaɗai zai iya neman a sake dawo da batun. Ka ga in jerin sunaye kawai ka yi wa sikirinshot ka watsa, ƙarya ka yaɗa da takardar gaskiya.

Don haka duk ƙuri'ar da ka samu, ka karanta layin da ke samanta, me aka tambaya, a wane mataki, kuma ka buɗe rubutun ƙudirin na wannan rana don sunan ƙudiri kan yi daɗi cikinsa kuma wani abu ne daban. Rashin halarta ma ka bi shi a hankali. Wani guduwa ya yi don kar a gan shi, wani yana asibiti, a Birtaniya kuma akwai tsarin da bulaliyar jam'iyyu ke haɗa mutum biyu na ɓangarori daban su ƙaurace tare don lissafi ya daidaita. Sau ɗaya ba ya nuna komai, amma in duk ranar da batu mai zafi ya taso kujerarsa wayam, to teburinka da kansa zai nuna.

Abin da ya rubuta da hannunsa, da abin da ya goge

A X, wato tsohuwar Twitter, akwatin sacin na karɓar umarni. Ka rubuta from: manne da sunan akawun ɗinsa, sai kalmar da kake nema, sai since:2019-01-01 until:2019-12-31, zai kawo maka abin da ya rubuta a wannan shekarar kaɗai. A Facebook ka shiga fejinsa ka yi amfani da madubin sacin na cikin fejin, sannan akwai Meta Ad Library inda ake ajiye tallace-tallacen siyasa da aka biya kuɗi, nan za ka ga alkawarin da ya ga ya cancanci ya kashe wa kuɗi. Ka tabbatar dai akawun ɗin nasa ne, hanya mafi aminci ita ce ka bi linkin daga shafinsa na majalisa ko na jam'iyya, don alamar shuɗin maki yanzu saye ake yi.

In kuma ka je ka tarar an goge, kar ka ce shi ke nan. Google ya cire tsohon maɓallin cache da ke nuna ajiyayyen kwafin shafi a 2024, amma Wayback Machine na Internet Archive na nan a web.archive.org tun 2001. Ka kwafi adireshin shafin kamfen ɗinsa ka liƙa, kalanda za ta fito da ɗigo-ɗigo a ranakun da aka ɗauki hoton shafin, ka zaɓi wata ɗaya kafin zaɓe ka buɗe, sannan ka buɗe na shekara ɗaya bayan rantsuwa ka gwada su. Wani lokacin sai ka ga sakin layi guda ya yi ɓatan dabo. A wannan gidan dai akwai Save Page Now, duk abin da ka samu mai muhimmanci ka liƙa linkinsa a ajiye maka, archive.today ma haka yake yi. Sikirinshot kaɗai ba ya wadatarwa, kowa zai iya cewa haɗa shi ka yi.

Tace kafin ka yarda

In hoto aka turo maka mai ɗauke da magana a bakin wani, ka kwafi jimla ɗaya daga ciki ka sa ta cikin alamar zance a Google, in ba wata kafa mai mutunci da ta ɗauka to ka ajiye shi gefe. Hoton kansa ka jefa shi a Google Lens ko TinEye ka ga yaushe ya fara bayyana. Guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin kuma ka nemi cikakkensa, ka ji minti biyu kafin wurin da minti biyu bayansa. Masu tantance gaskiyar labarai irin su Africa Check da Dubawa da PolitiFact da Fact Check Explorer na Google, ka leƙa ko sun riga sun bi ta kan maganar.

ChatGPT da Gemini da ire-irensu suna da amfani wajen fassara maka turancin doka mai kauri ko taƙaita ƙudiri mai shafi ɗari da ka liƙa musu da kanka. Amma kar ka tambaye su wane ya zaɓi me ka kwafa kai tsaye, suna iya ƙirƙiro lambar ƙudiri da rana da adadin ƙuri'a su faɗa maka da cikakken ƙarfin hali. Duk abin da suka ba ka sai ka gan shi a takardar asali kafin ya shiga tebur.

Kuma ma'aunin da ka auna wanda ba ka so, da shi za ka auna naka gwanin, layuka iri ɗaya, batu iri ɗaya. In mutum ya sauya matsayi ka nemi ko ya faɗi dalili, ka rubuta dalilin a gefe yadda ya faɗa, mai karatu ya yi hukunci. Ranar da za ka fitar da abin da ka samu, ka sa rana, lambar ƙudiri da linki biyu, na maganar da na ƙuri'ar, aikinsa na ofis kawai, ka bar iyalinsa da gidansa.

Na ƙarshe shi ne ka sa labari ya riƙa zuwa maka da ƙafarsa. Ka shiga google.com/alerts, ka liƙa irin sacin nan mai alamar zance, suna da batu, ka zaɓi sau ɗaya a mako don kar imel ɗinka ya cika, ka yi wani daban da lambar ƙudirin da kake bi. Congress.gov da GovTrack da TheyWorkForYou duk suna da nasu saƙon na imel da ke sanar da kai in ƙudiri ya motsa ko wakilin ya yi magana. Duk wanda ya shigo ka buɗe, ka duba ranar, ka danna Save Page Now, ka shigar da layin a teburin a ranar kafin ka rufe shafin.